Kofin Ƙarshe a Ƙarƙashin Gada

Duk direban da ya daɗe yana bin babban titin nan ya san Hanci. Ba shi ne sunan da iyayensa suka raɗa masa ba, amma ya bi shi har gida, don ko matarsa in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Bakanike ne. Garejinsa na ƙarƙashin gadar sama, tsakanin ginshiƙi na uku da na biyar, wurin da rana ba ta leƙawa sai da la'asar, ita ma a karkace, ta ɗan taɓa ƙasa ta wuce. A sama motoci na gurnani tun asuba, a gefe motoci, a ciki motoci. In mutum ya tsaya can minti goma ya fyace hanci, abin da zai gani a hankicinsa ba zai so ya nuna wa kowa ba.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga sana'ar, ya yi arba'in da ɗaya a cikinta, ashirin da shida daga ciki a ƙarƙashin gadar nan. Abin da ya ba shi suna kuwa shi ne ba ya gaggawar buɗe bonet. Wasu kanikawan sai sun kwance rabin inji sun baza a ƙasa kafin su gane abin da ke damun mota. Shi cewa yake, "Tayar da ita." Sai ya zagaya baya, ya tsuguna daidai bakin salansa, ya ɗaga murya, "Taka totur! Ƙara! To, sake ta." Ya sa tafin hannu ya kwaso hayaƙin zuwa fuskarsa, ya ja shi har ƙasan ƙirji, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Daga nan sai hukunci. In baƙi ne mai ɗaci, mai ya yi wa injin yawa. In shuɗi-shuɗi ne mai ƙauri, ringi ya mutu, tana shan baƙin mai. In fari ne mai ɗan zaƙi-zaƙi, to mai mota ya yi haƙuri, ruwa na shiga inda bai kamata ba. Da wuya a buɗe injin a tarar ba haka ba ne. A rana guda yakan shaƙi mota ashirin, wata rana fiye da haka.

Kuma mutumin akwai alfahari, Allah na gani. Bai taɓa sa taba a bakinsa ba, bai san tari ba, ko mura sai ta yi da gaske take kwantar da shi. In wani mai mota ya toshe hanci ya ce, "Malam, wannan abin ba ya cutar da kai?" sai ya doki ƙirjinsa da hannu ya ce, "Ka taɓa jin na yi tari? Huhun nan na ƙarfe ne." A wajensa da wajen duk mutanen garejin, cutar hayaƙi tari ce. Wanda ba ya tari, lafiyarsa lau.

Garejin kamar ɗaki yake. Baya katangar wani babban shago ce, gefe da gefe tsoffin kwantenoni ne da aka mayar ma'ajin kaya, ƙofa ɗaya ce tak, mai kallon titi. A da motoci da baya suke shigowa, hayaƙi ya cika ciki har ido ya yi ta ruwa. Da aka ba Hanci shugabancin wurin, dokar da ya fara kafawa ita ce kowace mota ta shigo da kai, salansarta na kallon ƙofa, hayaƙi ya fita waje ya bar masu aiki su sha iska. Kowa ya yaba. Shekara da shekaru in ana maganar dabara sai ya kawo wannan, ya ce shi ya ƙirƙiro ta.

Shi ne kuma ya zaɓa wa matarsa wurin zama. Da 'yarsu ta ƙarshe ta shiga makaranta, Maman Auta ta ce zaman gida ya ishe ta, tana son ta riƙa sayar da shayi da burodi. Hanci ya zagaya ya duba, ya ce ba inda ya fi bakin ƙofar gareji, jikin ginshiƙi na uku. Za ta sami kanikawa, ta sami masu wucewa, shi kuma duk sanda ya ɗaga kai zai gan ta. Ya sa aka haɗa mata tebur da ɗan akwatin gilashi da kujera mai jingina. Mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Sau uku take goge teburin nan a rana, sau uku tsumman ke fitowa baƙi ƙirin, ta wanke shi tana tsaki. Shekara ashirin da biyu ta yi a wannan kujera.

Manyan garejin huɗu ne: Hanci, da Mai Walda, da Rewaya mai gyaran wutar mota, da Dogo mai gyaran giyar mota. Suna da wani abu da suka gada wajen iyayen gidansu a sana'a, ba sa wasa da shi. Kowace yamma in an tashi, sai su wanke hannu da fetur da omo, su jeru a benci, Maman Auta ta fasa gwangwanin madara ta dama da ruwan ɗumi, ta miƙa wa kowa kofinsa. Sun yi imani madara na wanke hayaƙin da aka shaƙa a wuni. Kofunan na silba ne, kowane da ƙusarsa a jikin ginshiƙi, kuma ba mai taɓa na wani. Dogo, da yake abokin wasanta ne, kullum sai ya tsokane ta.

"Yaya, ke ba za ki sha ba? Ko rowa kike yi wa cikinki?"

"Ni aikin hayaƙi nake yi?" in ji ta. "Ku da kuke cusa kai a ciki ku sha abinku. Ni shayi nake sayarwa."

Mai Walda ne ya fara tafiya. Da hantsi ne, yana tsugune yana liƙa wata salansa, sai aka ga wuta ta daina tartsatsi, shi kuma bai tashi ba. Da aka ɗaga gilashin fuskarsa ya riga ya cika. Shekararsa hamsin da biyu. A wajen zaman makoki kowa abu ɗaya yake faɗa: mutum lafiyarsa ƙalau, ko tari ba ya yi, kwana ne kawai ya ƙare. Maman Auta ta sauke kofinsa, ta wanke, ta sa a ƙasan akwati.

Bayan shekara biyu Rewaya ya ci abincin rana, ya ce abincin ya tsaya masa a ƙirji, bari ya ɗan kishingiɗa a bayan wata bas. Aka bar shi ya huta, har ana cewa kada a tashe shi, ya gaji. Da la'asar mai bas ɗin ya zo ɗaukar motarsa, aka tashe shi bai tashi ba.

Na Dogo ne ya fi tsaya wa Hanci a rai, don a gefensa ya faru, a kan benci, kofin madara na hannunsa. Yana cikin ba da labari yana dariya, sai ya yi shiru, ya dafe hannun hagu, ya ce, "Kai, wani abu ya danne ni." Madarar ta zube a kan takalmin Hanci. Kafin a tsayar da motar da za ta kai shi asibiti an gama.

Daga ranar kofi ɗaya ya rage a jikin ginshiƙi, ga ƙusoshi uku tsirara a gefensa. Maman Auta ba ta iya kallon wurin ba tare da gabanta ya faɗi ba. Tsoro ya shige ta, kuma ba ta ɓoye ba. Ta fara ninka masa madarar. Ta fara kallonsa in ya tsuguna a bayan mota, ta ƙi ɗauke ido har sai ya miƙe. Shi kuma abin ya riƙa ba shi haushi.

"Wai ke gadina aka ɗauke ki? Kallon me kike mini?"

"Huɗu ne fa ku, Malam. Saura kai."

"To ni na ce miki zan bi su? Allah ya sawwaƙe wannan baki naki."

Faɗa kawai yake yi, amma ya san abin da ya sani. Daga gidansu bas suke shiga, ta sauke su a tsallaken titi, su hau gadar ƙafa su sauko bakin gareji. Matakala talatin da biyu ce. Shekara da shekaru yana haye ta da akwatin sifanu a hannu bai san ya hau ba. Watanni uku bayan rasuwar Dogo ya fara jin wani abu a ta goma sha ɗaya. Ba zafi ba ne sosai, nauyi ne, kamar an ɗora masa batirin tirela a tsakiyar ƙirji, sai kuma ya bi kafaɗa ya gangara hannun hagu. In ya tsaya minti ɗaya sai ya sake shi. Sai ya koyi dabara: yana isa ta goma sha ɗaya sai ya ciro waya ya yi kamar an kira shi. A ransa ya ce olsa ce, hannun kuma ɗaurin noti ne, wa zai yi shekara arba'in yana murɗa ƙarfe hannu bai yi tsami ba?

Ita ma takan tsaya tare da shi, ta dafa ƙarfen gadar, ta ajiye jakar burodi. Bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa ba ta ce masa ya yi sauri ba, ita da ta tsani jira. Ya ɗauka kara take yi masa. A 'yan kwanakin nan dama tana fama da nata. Muƙamuƙinta na hagu ke mata ciwo, ya zo ya tafi. Ta je aka cire mata haƙori, mai cirewar ma ya juya shi ya ce bai ga abin da ya same shi ba. Ciwon bai tafi da haƙorin ba. Ga kasala, ga zufa ko ana sanyi, wani lokaci ƙamshin shayin da take dafawa ma ya tayar mata da zuciya. Ta ce girma ne. Hanci ya yarda girma ne, har yana mata tsiya wai ta tsufa ta bar shi.

Ranar da asirinsa ya tonu, wayar ce ta ci amanarsa. Yana tsaye a matakala ta goma sha ɗaya yana cewa "Eh, eh, ina jin ka," sai ga kira na gaske ya shigo, wayar ta ɗau ƙara a kunnensa. Maman Auta ta dube shi, ta dubi zufar da ke goshinsa. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Idonta ne ya ciko.

"Tun yaushe, Hanci?"

A ranar ta kira Auta, wadda ke aure a ɗaya gefen gari. Auta kuwa halin uban ta ɗauko, ba a ja da ita. Washegari da safe ta iso da motar haya, ta tsaya a ƙofar ɗaki da mayafinta a kafaɗa ta ce, "Baba, ko ka shiga da ƙafarka ko in kira mijina mu ɗauke ka."

Sashen masu ciwon zuciya a hawa na biyu yake. Maman Auta ta ɗaga kai ta kalli benen, ta nemi benci a ƙasa ta zauna. "Ku hau," ta ce, "ni zan riƙe muku jaka. Cinkoso ba na so."

Aka fara da hoton ƙirji. Likitar, wata mace siririya mai gilashi wadda ba ta fi sa'ar Auta ba, ta ɗaga hoton ta ce huhun ba laifi. Wayyo, zo ka ga Hanci! Ya juya ya kalli 'yarsa, baki har kunne. "Kin ji ko? Na ƙarfe ne. Tashi mu tafi, motoci na jira na."

"Zauna tukuna, Baba," in ji likitar. "Ba huhun ne ya kawo ka ba."

Aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka sa shi tafiya a kan wani inji har nauyin nan ya zo ya danne shi a gabansu. Da suka koma ofis likitar ta daina murmushi. Ta tambaye shi taba, ya ce bai taɓa ba. Ta tambaye shi sukari, babu. Hawan jini akwai, amma ba can ba. Sai ta ce, "Wane aiki kake yi? A ina?" Ya ba ta labari, har da ƙari, don yana son labarin. Ya kwatanta mata yadda yake kwaso hayaƙi da hannu. Ta ajiye biro.

"Shekara nawa?"

Ya faɗa mata. Ya ƙara da cewa kada ta damu, kullum yana shan madara.

"Baba, madara ciki take tafiya. Hayaƙi ba ta nan yake bi ba." Ta jawo takarda ta zana masa. "Wanda kake gani, kake fyacewa baƙi, shi ne mai sauƙin. Akwai wanda ya fi shi ƙanƙanta, ido ba ya ganinsa, hanci ba ya tare shi. Shi yake wucewa har ƙarshen huhu, wani ma ya shiga jini. Ba lallai ya sa ka tari ba. Jijiyoyin jini yake ɓata wa ciki, su kumbura, kitse ya sami wurin maƙalewa, hanya ta yi ta tsukewa shekara da shekaru. Jinin kuma ya riƙa saurin daskarewa. Rana ɗaya gudan jini ya zo ya toshe ɗan abin da ya rage. Ba zan ce hayaƙi kaɗai ne ba, akwai shekaru, akwai hawan jini. Amma wanda ya yi irin zamanka, hayaƙin ba ƙaramin kaso ya ɗauka ba."

Hanci ya daɗe yana kallon zanen. Ya san wannan ciwon, ya sha gyara shi. Mota ce da tiyon mai ya toshe: in tana tsaye ta yi ta kaɗawa lafiya lau, sai an sa ta a hawa ta fara shaƙewa. Ya ga Mai Walda a tsugune, ya ga Rewaya a bayan bas, ya ga madarar Dogo a kan takalminsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Likitar ta rubuta magunguna, har da wani ƙarami da zai sa a ƙarƙashin harshe in nauyin ya zo. Ta ba shi rana bayan mako uku da za a zura siririn tiyo a buɗe jijiyar. Ta ce gareji kuma ya yi sallama da shi. Suna miƙewa ta ƙara da cewa, "Duk wanda ke wuni a wurin nan ya kamata ya zo a duba shi. In akwai mata a cikinku ma ka faɗa musu, don nasu ba kullum yake zuwa a ƙirji ba. Wata muƙamuƙi ne zai dame ta, wata tashin zuciya, wata gajiya kawai da zufa."

Auta na can ta duƙufa tana kwafe sunayen magani a wayarta. Hanci kuwa hankalinsa na kan tiyon da za a zura masa.

"Ai ba mata a gareji, likita," ya ce. "Duk maza ne."

Kai, wannan magana! Da ana mayar da magana ciki, da ita zai fara mayarwa. Kuma ba ƙarya ya yi da gangan ba. A kansa gareji na masu riƙe sifana ne, ita kuwa mai shayi ce a bakin ƙofa.

Suka sauko suka tarar da ita ta jingina kai da bango, jaka a cinya, ido a rufe. Da ta ji an gano ciwon kuma yana da magani, sai da ta yi hawaye don murna. Tun daga ranar ta zama sojan gida. Ta rage gishiri, ta ɓoye akwatin sifanu a ƙarƙashin gado, ta jera magungunansa a kan faranti, na safe daban, na rana daban. Kullum ta kama hanya ita kaɗai ta tafi teburinta, ta dawo da yamma a gajiye, ta zauna a bakin gado ta daɗe kafin ta iya cire takalmi.

Kwana tara ya yi a gida. Mutumin da bai saba zama ba, ya ƙirga silin, ya gyara fankar da ba ta lalace ba, ya yi faɗa da rediyo. A rana ta goma, bayan azahar, ya ce bari dai ya je ya leƙa, ba zai taɓa komai ba, gaisawa kawai. Ya shiga bas, ya sauka a tsallake, ya hau gadar ƙafa a hankali yana hutawa. Da ya kai sama ya tsaya ya dafa ƙarfe yana mayar da numfashi.

Shekara ashirin da shida yana bin gadar nan, amma da sassafe kafin a tayar da mota ko ɗaya, sai kuma da magariba bayan an kashe su. Bai taɓa tsayawa a kanta da la'asar ba, lokacin da rana ke shiga ƙarƙashin gadar sama a karkace. Ranar ya gani. Motoci biyar ne a ciki, kowace ta shiga da kai yadda ya koya musu, uku na kaɗawa. Hasken ya kama hayaƙin ya nuna shi sarai. Yana fitowa daga salansa uku, ya haɗu ya zama abu ɗaya mai kauri, ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar iskar titi ta tare shi, ta hana shi wucewa, ta naɗe shi a jikin ginshiƙi na uku. Nan yake tsayawa, ya yi ta juyawa. A tsakiyarsa ga tebur, ga akwatin gilashi, ga matarsa a kujerar da ya sa aka yi mata.

Yana kallo ta ɗauki tsumma za ta goge tebur, sai ta fasa. Ta kai hannu ta dafe muƙamuƙi. Ta goge goshi da bakin mayafi, ta sunkuyar da kai kamar mai jin amai.

Maganar likita ta dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kamar yanzu take faɗa.

"Maman Auta!"

Ina! Tirela na wucewa a sama, masu bas na ta hon a ƙasa, ko shi bai ji muryarsa ba. Ya kama saukowa. Yana so ya yi gudu, ƙirjin ya ce bai isa ba. A tsakiyar matakala nauyin ya danne shi, ya tsaya dole, ya lalubo ƙaramin maganin ya sa a ƙarƙashin harshe, yana kallon ta ta tsakanin ƙarafa, yana jiran abin ya sake shi. Bai taɓa tsanar jikinsa irin na wannan minti ba.

Da ya iso ta ɗago ta gan shi, ta haɗe rai. "Wa ya ce ka fito? Hanci, kai wane irin mutum ne?"

Fuskarta ta yi toka-toka, zufa ta jiƙa wuyan rigarta. Ya kama hannunta, ya ji shi sanyi ƙalau.

"Tashi. Asibiti za mu."

"Jikin ne? Ya dawo?" Ta yunƙura za ta riƙe shi.

"Ba ni ba. Ke."

"Ni kuma? Haƙorin nan ne fa kawai, wanda aka cire. Bari in rufe akwatin, ƙuda zai shiga burodi."

Ya daka wa garejin tsawa irin wadda ba su taɓa ji daga bakinsa ba. Aka kashe injuna, wani mai mota da aka gama wa aiki ya buɗe ƙofar baya, aka sa ta. Hanci ya shiga ya ɗora kanta a kafaɗarsa. Suka fita suka faɗa cikin cunkoson yamma, mota bayan mota, kowace na huci a fuskar ta bayanta. Direban ya yi hon har ya gaji, ya leƙa yana roƙon a ba shi hanya. Hanci ya ɗaga gilashin tagar da hannunsa, abin da bai taɓa damuwa da shi ba a rayuwarsa.

Ta buɗe ido ta dube shi. "Ka sha na rana kuwa? Na bar maka a faranti."

"Na sha."

"To." Ta mayar da idon ta rufe.

Suna hango ƙofar asibitin ya ji nauyinta ya canja a kafaɗarsa. Ya san wannan nauyin, don shi ya tallafi Dogo.

An buɗe masa jijiyar a ranar da aka sa. Aikin ya yi kyau, in ji likita. Yanzu yana hawa matakala talatin da biyu ba tare da ya ciro waya ba, kuma ba abin da ke ba shi takaici kamar wannan. Yana zaune wajen Auta. Ita ta je ta kwaso kayan uwarta, ta tarar da kofuna uku a ƙasan akwati a naɗe cikin tsumma mai tsabta, ta sauke na huɗun daga ƙusa ta haɗa. Ya karɓa ya jera su a kan taga. Wani lokaci yakan zauna ya ƙirga su, huɗu, kamar yadda ta riƙa ƙirgawa, ya ce a fili, "Biyar ne fa mu. Ba wanda ya ƙirga ki, har ni." In Auta ta ji sai ta fita daga ɗakin.

Bayan wata huɗu ya koma garejin. Ya sami wanda ya gaje shi, ya ce masa a daina juya salansa ƙofa. Mutumin ya saurare shi da ladabi, ya ce, "To Baba, in muka juya ciki ai mu za mu shaƙe. Ina za mu kai shi?" Hanci ya dubi katangar baya da kwantenonin gefe. Ya ce to aƙalla su je a duba su, madarar nan ba ta wanke komai. Suka ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da ake sallamar tsoho da ita.

A jikin ginshiƙi na uku, inda bayan kujerarta ya jingina shekara ashirin da biyu, akwai wani fili da ya fi sauran haske, siminti ne fes a tsakiyar baƙi. Ya riga ya fara dushewa. A gabansa wata matashiya ta kafa tebur, da tukunyar shayi, da goyo a bayanta yana barci. Wuri ne mai ciniki, ba zai zauna haka ba. Hanci ya gaishe ta, ya tsaya yana juya hula a hannu. Daga ƙarshe ya ce, "'Yata, ki matsa da teburin nan can gaba, bayan kwantenar. Hayaƙin nan duk a kanki yake sauka, ke da yaron. Zuciya yake ci."

Ta yi dariya, ba ta raini ba, tana goge tebur da wani farin tsumma da ya fara yin baƙi.

"Haba Baba, can ai ba mai gani na. Kuma ni aikin hayaƙi nake yi? Shayi nake sayarwa."

A bayansa wani ya ce, "Taka totur!"